Sandar Raed a Hannun Khala Zakiya

Ranar da na tare a unguwar Waziriyya, ban gama kwance akwatuna ba na ji ana ƙwanƙwasa tagar kicin. A bene nake, hawa na farko, don haka sai da gabana ya faɗi. Ina buɗewa sai ga wata sanda ta miƙo kai, bakinta da faɗi kamar matankaɗi, an saƙa masa raga da farin zare, a cikin ragar kuma kwano ne a rufe yana tururi. A ɗaya ƙarshen sandar, daga tagar da ke kallon tawa, wata dattijuwa ce ta ɗaure fuska kamar ni na aike ta.

"Karɓi mana, ya binti, hannuna ya gaji," in ji ta. Ya binti, wato 'yata da Larabci.

Tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Ni nas ce daga Gusau, sunana Khadijatu, ko da yake Sista ya cinye sunan tuntuni. Kwangilar aiki ta kawo ni wani asibiti a Jidda, kuma na yi wata biyu ban sa tuwo a bakina ba. Na ci, na suɗe hannu, na yi wa matar addu'a. Amma fa gaskiya sandar ce ta tsaya mini a rai, ba tuwon ba. Halina ne tun ina ƙarama, in na ga abin da ban san sunansa ba, ba ni da sakat sai na ji. A gidanmu har yau in na ce "wai don Allah", kowa sai ya tuna yana da aiki a waje.

Sunanta Zakiya, duk layin Khala ake ce mata, wato inna da Larabci. Kakanninta da ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Haɗeja, suka zauna, ita kuma a unguwar Ruwais aka haife ta, nan Jidda, bakin teku. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, sai ta yi nisa a magana ta faɗa Larabci ba tare da ta san ta faɗa ba. Gwiwa ta hana ta hawa da sauka, sai sandar nan ta zama ƙafarta. Gininmu tsoho ne gajere, in ta sunkuyo daga baranda, namiji a ƙasa ya ɗaga hannu zai kai bakin ragar. Da ita take karɓar burodin tamis da safe, da ita take miƙa wa masu shara ruwan sanyi, da ita take zaro wankin da iska ta rataye a waya, da ita take korar kyanwoyi. Na taɓa ganin ta sosa bayanta da ƙotar.

Na ce ko ta kamun kifi ce, tunda 'yan Ruwais ne. Mai shagon ƙasanmu, wani ɗan Yaman, ya rantse mini ta kama tattabaru ce. Da na gaji da canke-canke na tambaye ta kai tsaye.

"Ta Raed ce. Halas, magana ta ƙare," ta ce, ta ja tagarta.

Raed ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata a gida. Ya ba talatin baya kaɗan, dogo ne mai faɗin kafaɗa, yana aiki da wani kamfanin fitar da kwantena a tashar jiragen ruwa. Ba ya da hayaniya, in mun haɗu a matakala sai ya manne da bango ya ce "Sista, ina gajiya," shi ke nan. Abin da na lura shi ne, in ya manta kular abincinsa uwar ta miƙo masa da sanda, da yatsa biyu yake zare ta, a hankali, kamar mai tsamo nama daga tafasasshen mai. Ko zaren ragar ba ya bari ya goge shi. Wata rana sandar ta suɓuce mata ta faɗo daidai ƙafarsa. Ƙaton mutum sai ya yi tsalle baya, ya mayar da hannuwansa biyu bayansa, ya ƙwala wa mai shago kira ya zo ya ɗauka. A raina na ce lallai akwai magana, sanda taka ce amma kana gudunta kamar maciji.

Allah da ikonsa, gwiwarsa ta kumbura, ya zo asibitinmu, likita ya ce a naɗe masa, aka turo shi hannuna. Mara lafiya ba ya gudu da rabin bandeji a ƙafa, wannan duk nas ta sani. Na fara naɗi a hankali yadda ban taɓa yi ba. Na ga ƙwaurinsa duk tsofaffin tabo zagaye-zagaye, babban yatsansa na dama kuma a karkace, alamar karayar da ta warke ba daidai ba.

"Wai don Allah," na ce, "sandar Khala ta mece ce?"

Ya yi dariya, karo na farko da na ga haƙoransa. "Ummi ta gaya min sai kin tambaya. Ta ce tun ranar farko idonki ba a kan tuwo yake ba."

Lakros sunan wasan, ni ma ranar na fara ji. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanda mai raga a baki, da ita yake cafe ƙwallo, ya ruga da ita, ya jefa wa ɗan'uwansa, har su zura ta a ragar abokan karawa. Ƙwallon ta roba ce curarriya, ba iska a cikinta, ba ta kai lemon zaƙi girma ba. Sandar gola ce ta fi kowace faɗin baki, shi ya sa kwanon tuwo ya zauna a cikinta daram. Ya ce asalinsa wasan mutanen farko ne na Amurka ta Arewa, waɗanda Turawa suka tarar a can.

Mahaifinsa, marigayi Mahmud Mailafiya, direban bas ne a wata makarantar 'ya'yan baƙi a arewacin Jidda. Raed yana ɗan shekara goma sha huɗu, in an tashi daga tasa makarantar sai ya je can ya jira uban su koma Ruwais tare, inda suke zaune a lokacin. Malamin wasannin makarantar Ba'amurke ne, ya zo da sanduna daga ƙasarsu ya koya wa yara, kowa yana so, amma babu mai yarda ya tsaya a raga. Duk wanda ƙwallon ta sama sau ɗaya sai ya ce shi ɗan gaba ne. Raed kuwa gola ne a ƙwallon ƙafar unguwa, ba takalmi, a filin tsakuwa. Malamin ya gan shi zaune a gindin katanga ya yafito shi.

"Ta farko a cinya ta same ni," in ji shi. "Wallahi ya Sista sai da na ga taurari da rana tsaka. Amma da na duba baya, raga ba komai a ciki. Ya'ni ni na hana. Sai na ce ya sake jefowa."

Shekara huɗu yana tsayawa wa 'ya'yan mutane a raga. Malamin ya ɗauki bidiyonsa ya aika wa wani abokinsa mai horar da 'yan wasa a wata ƙaramar kwaleji a arewacin jihar New York, kusa da iyakar Kanada. Suka ce ya zo, za su ɗauke masa nauyin karatu. Uban ne ya yi ta zirga-zirgar takardu, fasfo na Najeriyar da Raed bai taɓa takawa ba, da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, wadda dole ya riƙa dawowa ana sabunta masa. Da Khala ta tambayi wane irin wasa ne har da ba da karatu kyauta, sai uba da ɗa suka haɗa baki suka ce guje-guje ne da 'yar ƙwallo. Ba su yi ƙarya ba, sai dai sun bar rabin a aljihu.

Shekarar farko a benci ya yi ta, yana karkarwar sanyi cikin riguna uku, yana karatun harkar jigilar kaya. A ta biyu golan da ke gabansa ya karye a yatsa, aka ce Raed ya shiga, bai sake fita ba. Aikin gola ba tarewa kawai ba ne, shi ke ganin fili duka, shi ke gaya wa 'yan bayansa inda ƙwallo take. Raed in wasa ya yi zafi Turanci guduwa yake daga bakinsa, sai ya koma "Hagu! Dama! Yalla, yalla!" Mai horarwar ya so ya gyara masa, sai ya lura abokan karawa ba sa gane komai, ya ce a bar shi. Haka 'ya'yan manoman shanu jajaye suka koyi hagu da dama. Ya nuna mini bidiyo a wayarsa, na ga wani ƙaton Bature da hular kwano yana ihun "Hagu, hagu!" cikin dusar ƙanƙara, na yi dariya har bandejin ya kwance, na sake daga farko, wanda dama abin da nake so ke nan.

A shekararsa ta ƙarshe suka kai wasan ƙarshe na rukuninsu, aka ci su da ƙwallo ɗaya tal. Ya ce har yau in ya rufe ido yana ganin ta, ƙasa-ƙasa ta hagu, ta goge masa idon sawu ta shige. A wannan shekarar ce kuma uban ya rasu, ya tafi da sirrinsu.

Duk da an ci su, wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi gola na biyu. Na zaci daga nan sai motoci da gidaje, ya ce ina. Ranakun aiki yana lodin kujeru a wani sito, ƙarshen mako ya hau jirgi ya je garin da za a buga, ya dawo da tsamin jiki ya koma sito. Kakar wasa ta farko ko minti ɗaya bai buga ba. A ta biyu ya tsaya a wasanni kaɗan, mai sanarwa yana kiran sunansa yana cewa daga Jidda, 'yan kallo suna tambayar juna ina ne Jidda. Da kakar ta ƙare suka kira shi suka ce badi ragar tasa ce.

Sai ya taho gida da murna, da sandarsa a jaka, ya ce zai kai Ummi umara don godiya ga Allah. A nan ya yi kuskuren.

Duk shekarun nan in ya zo hutu, jallabiya mai dogon hannu ce a jikinsa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, uwar ba ta taɓa ganin abin da ke ƙasa ba. Ya ɗaura harami a gida, mayafin ya rufe kafaɗu biyu, lafiya lau har Makka. Da suka zo fara ɗawafi ya yi abin da kowane namiji ke yi ba tare da tunani ba, ya zame mayafin ya buɗe kafaɗar dama. Rigar kariyar gola ƙirji take rufewa, damtse da kafaɗa a waje suke, kuma bai daɗe da buga wasan ƙarshe ba. Khala tana bayansa riƙe da gefen haraminsa. Ta ga tabo a kan tabo, wasu baƙi ƙirin, wasu a kumbure, har zuwa gwiwar hannu.

Sai da suka gama zagaye bakwai, suka yi raka'a biyu. Sannan ta ce, "Wa ya dake ka?"

Shi kuma sai ya yi dariya ya shiga bayani, har da nuna mata yadda ake sa jiki a gaban ƙwallo. Ya ce dariyar ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Ta juya ta fuskanci Ka'aba ta ce, "Wallahi, ga Ɗakin Allah ina kallo, hannunka ba zai ƙara taɓa sandar nan ba."

Ya buga wa ƙungiyar waya ya ce su nemi wani. Ya nemi kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya samu aiki a tashar jirgi. Ita kuma ta ɗauke sandar ta kai ɗakinta, da gwiwa ta matsa mata sai ta samar mata aiki. Shekara bakwai ke nan.

"To ba sai ta yi kaffara ba?" na ce. "Ta ciyar da miskinai goma, magana ta ƙare."

"Kaffarar tata ce, ba tawa ba. Ni zan buɗe baki in ce wa Ummi ta karya abin da ta faɗa a gaban Ka'aba? La, ya Sista." Ya kalli gwiwarsa. "Abin da ke ci min rai ɗaya ne. Na tsaya a raga a garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba, amma in ka cire wasan yara a makarantar nan, ban taɓa tsayawa a garin da aka haife ni ba. Kuma wannan gwiwar ba za ta jira ni ba."

Ashe wasu samari, ɗaliban jami'a da ma'aikata, sun kafa ƙungiyar lakros a Jidda, suna atisaye ranar Juma'a bayan la'asar, Raed ke koya musu, da baki kawai. Sun sa ranar wasansu na farko da wata ƙungiya daga gabashin ƙasar, saura 'yan makonni, kuma ba su da gola.

Juma'ar da ta biyo na je na gani da idona, don ni ba a ba ni labari in tsaya nan. Fili ne na haya mai ciyawar roba. A cikin raga shuɗin duro suka kafa, shi ne golansu, tunda tsohuwar matsalar tana nan, kowa ɗan gaba ne. Raed yana tsaye a bayan ragar, hannuwa a baya, ɗaya ya damƙe wuyan ɗaya. Duk jifan da aka yi, kafin ƙwallon ta bar sanda kafaɗarsa ta riga ta karkata inda za ta bi, ƙafarsa ta yi rabin taku, sai ya dawo da ita. Ban san wasan ba, amma na lura bai taɓa karkata ta inda ba nan ba ne. Ya ba ni tausayi ƙwarai, kuma na ji haushin Khala, ba zan ɓoye ba.

Washegari da ta miƙo mini kunu na kasa riƙe bakina. Na ce na je filin, na faɗi abin da na gani, har na sako zancen kaffara.

Ta sha mur. "Na san kaffara tun kafin a yi wa uwarki kitson fari. Miƙo min kofina."

Na ce shi ke nan, na jawo wa kaina. Amma Juma'a na zagayowa sai ga ƙwanƙwasa, na buɗe na gan ta cikin abaya.

"Kira mana mota. Ina so in ga dutsen da ya daki ɗana."

Saukar matakalar nan kaɗai sai da ta huta sau uku. A filin aka kawo mata kujerar roba, Raed ya hango ta ya taho da sauri, ya sumbaci goshinta, fuskarsa duk tambaya. Ta ce a ba ta ƙwallon. Ta matsa ta da babban yatsa, ƙwallon ko motsi ba ta yi ba. Ta ƙwanƙwasa ta a hannun kujera.

"Da wannan?"

"Da ita, Ummi."

"Kuma kai ka tsaya?"

"Ni na tsaya."

"Ba wanda ya ɗaure ka a wurin?"

"Ba kowa."

Ta girgiza kai, ta ce ya koma bakin aikinsa. Daga inda muke zaune bayansa muke gani. Wani saurayi ya saki jifa, ƙwallon ta daki duron ya yi ƙara kamar an buga ganga, Khala ta zabura ta ce "Ya Latif!" Daga nan ba ta ƙara kallon duro ko samarin ba. Hannuwan ɗanta ta zuba wa ido, yadda farcensa yake nutsewa a wuyan hannunsa duk lokacin da aka yi jifa. A hanyar komawa, da mota ta shigo layinmu, sai ta juyo ta dube ni.

"Allah yihdiki, Allah ya shirye ki, ya binti. Kin ɗauko min abin da ban aike ki ba."

Taga ta rufe. Ba tuwo, ba kunu, ba ƙwanƙwasa. In na shiga kicin sai in yi ta ƙarar tukwane ko za ta leƙo, shiru. Na ji kewarta sosai, kuma na tsorata ko shisshigina ya ƙara ɗaure wa Raed igiya ne. Shi kuwa a matakala gaisuwarsa ba ta canza ba, sai dai ya daina haɗa ido da ni.

Saura kwana kaɗan wasan, da hantsi, na ji ƙwanƙwasa. Ragar ba komai a ciki.

"Ke nas ce," ta ce. "Abin nan yana kisa?"

Na so in ce a'a. Amma matar da ta matsa ƙwallon da yatsanta ba a yi mata wasa da hankali. Na ce duka mai ƙarfi in ya faɗa daidai saitin zuciya yana iya tsayar da ita, ba kasafai ba, don haka suke sa rigar ƙirji. Karayar yatsa da tabo kuwa, wannan babu makawa.

"Tayyib, madalla. Na zaci za ki yi min ƙarya." Ta jingina sandar da taga. "Da can in ya zo hutu, kwano uku yake ci, yana dariya, ashe jikinsa duk ciwo ne. Yanzu ba sabon tabo ko ɗaya, na duba. Amma shekara bakwai yana cin abinci a gidan uwarsa kamar baƙo." Ta goge ido da gefen mayafi, ta harare ni kamar ni na sa mata yaji. "Ara min babbar tukunyarki."

"Biki za a yi, Khala?"

Ta ja taga.

Ranar Alhamis, ana gobe wasan, tun safe ƙamshin shinkafa da kaza ya cika ginin. Bayan la'asar na fito barandata, wadda ke manne da tata, na ga ta sa mai shago ya kirawo mutane. Ga masu sharar layinmu, ga masu tsintar kwali da amalankensu, ga tsohuwar da ke zama a ƙofar masallaci. Khala ta ɗora faranti a raga, ta sunkuya ta miƙa, na ƙasa ya ɗaga hannu ya karɓa. Ta koma ciki tana jan ƙafa, ta fito da wani. Na ce bari in zo in taya ta, ta ce in zauna inda nake. Ni da ba na iya ganin abu ban ƙirga ba, ina ta ƙirgawa a banza, sai da na kai bakwai na gane ko nawa za a tsaya.

Ana miƙa na tara Raed ya shawo kwana daga aiki, da rigar kamfani a kafaɗa. Ya tsaya yana kallon mutane zaune a inuwa suna cin abinci. Ya ɗago ya dube ni, na ɗaga masa yatsu tara. Na goma ya sauka hannun tsohuwar masallaci, ta yi addu'a doguwa, kowa ya shafa.

Khala ta shiga ciki, ta ɗan jima. Da ta fito, kwalbar man kaɗanya ce a cikin ragar, irin wanda ake shafa wa targaɗe. Ta sunkuya ta miƙo. Raed ya matso, ya kai yatsa biyu zai zare kwalbar yadda ya saba, sai ta janye.

"Ba kwalbar ba. Duka."

Hannuwansa suka koma baya da kansu. "Ummi, rantsuwar fa?"

"A Amurkar ba a koya muku ƙirga ba ne? Ga su nan zaune suna ci." Ta ƙara ɗaure fuska. "Karɓi mana, ya waladi, hannuna ya gaji."

Bai motsa ba. Sai kawai ta saki.

Ban ga lokacin da hannunsa ya fito ba. Na dai ga sandar a hannunsa, ƙotar ta zauna a ƙarƙashin karkataccen yatsan nan, wuyan hannunsa ya ɗan murɗa ta sau ɗaya, kwalbar ta yi lilo ta kwanta a raga ba ta faɗi ba. Masu shara suka yi tafi ba tare da sun san dalili ba. Shi kuwa ya kifa goshinsa a bakin ragar, wadda ke warin miyar kuka da tamis, kafaɗunsa suna girgiza, a tsakiyar titi, ko kunyar mai shago bai ji ba.

Na juyo wajen Khala.

"Ni ba zan je ba," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ke za ki je. Ki tafi da bandejinki."

Tana tsaye a baranda, ba komai a hannunta. Ta ɗora hannuwan a kan ƙarfe, ta ɗauke, ta goge su a zani. Can sai ta mayar da su baya, ɗaya ya damƙe wuyan ɗaya.